MAI CIN ROBA YA FITO DAGA JUJI

 Duk wanda ya kan ɗebo takin juji daga gari ya kai gonarsa ya san abin da ke biyo takin: baƙar leda, ledar ruwa, gorar lemo, guntun silifa. Kara ya kan ruɓe, toka ta bi ƙasa, kashin shanu ya zama abincin dawa, amma leda tana nan yadda ta zo. Shekara ta kewayo, fartanya ta sake tono ta.

Waɗansu a cikinmu sun ji labari cewa masu ilmin kimiyya sun sami wani abu mai cin roba. Sai tambaya ta taso, shin gaskiya ne? In kuwa gaskiya ne, yaushe zai zo ya share mana gonaki? Labarin gaskiya ne, amma da sauran rina a kaba. Domin haka a wannan fitowa za mu ba ku labarin mutanen da suka ba da shekarun ransu ga wannan bincike, da abin da suka samu, da abin da ba su kai gare shi ba, domin kowace ƙungiya ta san inda za ta sa ƙarfinta.

YAWAN ROBAR DA KE DUNIYA

Roba baƙuwa ce a duniya. Irin da a ke yin leda da ita a shekarar 1933 aka gano ta a Ingila. Irin da a ke yin gorar ruwa da ta lemo kuwa, wadda a ke kira PET, waɗansu mutum biyu ne suka haɗa ta a Ingila a 1941, watau John Whinfield da James Dickson. Da fari zare aka riƙa yi da ita, shi ne yadin Terylene da dattawanmu suka sani. Sai a 1973 aka yi rajistar gorar PET a Amurka.

A shekarar 1950 robar da duniya duka ta yi ba ta wuce tan miliyan 2 ba. A 2019 ta kai tan miliyan 460. Waɗansu masana na Amurka sun yi lissafi a 2017, suka ce daga 1950 zuwa 2015 an yi roba tan miliyan 8,300, kuma tan miliyan 6,300 daga ciki ta riga ta zama shara. A cikin sharan nan kashi 9 bisa 100 kaɗai aka sake sarrafawa, an ƙone kashi 12, sauran kashi 79 suna jibge a juji ko suna warwatse a ƙasa da ruwa. Ledar da ke gonarmu tana cikin kashi 79 ɗin nan.

MENE NE ENZAYIM?

Kalmar baƙuwa ce, amma abin da ta ke nufi yana cikin gidajenmu tun kaka da kakanni. Enzayim wani ɗan ƙaramin ma'aikaci ne da jikin mai rai ya ke yi, ko mutum, ko dabba, ko tsiro, ko ƙwayoyin nan da ido ba ya gani waɗanda a ke kira bakteriya. Shi kansa ba shi da rai. Aikinsa shi ne ya yanka wani abu ko ya haɗa wani abu da sauri, in ya gama kuma ya koma kan na gaba, ba ya ƙarewa a cikin aikin.

Ku tauna lomar tuwo ba miya, ku daɗe kuna tauna, za ku ji ta soma zaƙi. Enzayim ɗin da ke cikin yawu ne ya ke yanka garin ya mai da shi sukari. Mace ta naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda ya yi laushi, aikin enzayim ne. Matan Fulani su ɗiga ruwan tumfafiya a madara ta daskare ta zama cuku, shi ne dai. Kalwa ta zama daddawa, shi ne. Gara ta ci azara, saniya ta mai da ciyawa nono, duk da taimakonsa ne.

Akwai wani misali da ya shafi aljihunmu. A cikin ƙasa akwai enzayim mai fasa takin yuriya. In an watsa yuriya a bisa ƙasa an bar ta, shi ne ya ke fasa ta, ƙarfin takin ya tashi ya bi iska. Dalili ke nan da malaman gona su ke cewa a tona a binne. Wani Ba'amurke mai suna James Sumner, wanda ya rasa hannu ɗaya tun yana ɗan shekara 17, ya yi shekara 9 yana fama kafin ya ware wannan enzayim tsantsa daga wani irin wake a 1926. Manyan masana na lokacin suka ƙi yarda da shi. Sai a 1946 aka ba shi babbar lambar girma ta Nobel.

Abu ɗaya za mu riƙe a nan, gama duk sauran labarin a kansa ya rataya. Kowane enzayim kamar mabuɗi ya ke, kwaɗo ɗaya ya ke buɗewa. Wanda ke cikin yawu ba ya taɓa nama, wanda ke cikin ganyen gwanda ba ya taɓa gari.

DON ME ROBA BA TA RUƁA?

Ruɓa ci ne. In kara ya ruɓe, bakteriya da naman gwari ne suka cinye shi, gama suna da mabuɗin da ya dace da kara. Roba kuwa daga man fetur a ke yin ta, kuma ba ta daɗe a duniya ba, saboda haka masu mabuɗinta kaɗan ne ƙwarai.

Amma roba iri iri ce. In da ido zai iya ganin cikin gorar PET, da mun ga dogayen sarƙoƙi kamar jigida, da tsakiya iri biyu a jere, wannan na bin wannan. Tsakanin kowace tsakiya da 'yar'uwarta akwai gaɓa. Ashe irin gaɓar nan tana kama da wadda ke cikin ɗan kakin da Allah ya shafa wa ganye da fatar tumatir domin kada ruwa ya shiga. To, a cikin takin ganye akwai bakteriya waɗanda aikinsu ke nan tun fil azal, su yanka kakin ganye. Wannan ne ya sa masu neman maganin PET suka nufi juji da tulin taki.

A 2005 wani masani a Jamus, Rolf-Joachim Müller, da abokan aikinsa suka nuna cewa enzayim na wata bakteriya mai son zafin tulin taki ya cinye wajen rabin wani siririn fallen PET cikin mako 3. A 2012 masana na Jami'ar Osaka a Japan suka sami wani a cikin takin ganye da rassa, suka sa masa suna LCC. Ku riƙe sunan nan, za mu komo kansa. Daga baya kuma masana na birnin Leipzig a Jamus suka sami wani mai ƙarfi a tulin takin ganye na wata makabarta ta garinsu.

SHEKARA 15 A JAPAN

Farfesa Kohei Oda malamin ilmin bakteriya ne a wata babbar makarantar fasaha a birnin Kyoto. Shi da mutanensa suka yi tunani cewa in akwai mai cin gora, a inda a ke tara gora za a same shi. Suka tafi garin Sakai, kusa da Osaka, wurin da a ke tattara tsofaffin gorunan PET. Suka ɗebo ƙasa da laka da ruwan kwata har kashi 250. Kowane kashi suka sa shi a kwalba tare da siririn fallen PET, suka jira su ga wanda zai ci.

Tun wajen 2001 suka ga alamar ci a ɗaya daga ciki. Amma masu cin taro ne na ƙwayoyi iri iri a cakuɗe, sai an ware su ɗaya ɗaya kafin a san ko wane ne ya ke ainihin aikin. A lokacin nan kuma duniya ba ta damu da sharar roba kamar yanzu ba. Suka ci gaba, tare da Farfesa Kenji Miyamoto na Jami'ar Keio da wani matashin masani, Shosuke Yoshida. Sai a watan Maris na 2016 suka buga sakamakon. Bakteriyar suka sa mata suna Ideonella sakaiensis, domin tunawa da garin Sakai.

Ga abin da suka gani. Bakteriyar ta kan manne a jikin robar ta fitar da enzayim na farko, mai suna PETase, ya yanka sarƙar gutsure gutsure. Na biyu, mai suna MHETase, ya raba kowane gutsure zuwa tsakiya biyun nan na asali. Sa'an nan ta cinye su. A zafi na digiri 30, watau kamar zafin inuwa a wurinmu, ta kusa cinye siririn fallen cikin mako 6.

Mako 6 domin ɗan falle kamar fatar albasa, ai wannan tafiyar hawainiya ce. Gorar da mu ke sha kuwa ta fi fallen nan tauri nesa. Amma ƙofa ta buɗe.

DAGA MAI CIN KATAKO ZUWA MAI CIN ROBA

A nan ne wani mutumin Skotland mai suna John McGeehan ya shigo labarin. Tafiyar aikinsa abin lura ce, gama bai soma da roba ba ko kaɗan. A Jami'ar Glasgow ya karanta ilmin ƙwayoyin da ido ba ya gani, ya yi digirin dakta a kan ƙwayoyin cuta. Daga nan ya koyi wata sana'a mai wuya, watau ɗaukar hoton siffar enzayim. Ya yi aiki a garin Grenoble na Faransa, ya kuma daɗe yana koyarwa a Jami'ar Portsmouth, a bakin teku a kudancin Ingila.

A bakin tekun nan akwai wani ɗan ƙwaron ruwa, bai kai ƙwayar shinkafa ba, mai huda katakon jiragen ruwa da ginshiƙan gada kamar yadda gara ke yi wa azara. McGeehan da abokansa suka so su san yadda ya ke narkar da katako, domin in an sani, a iya mai da kara da ɓuntu su zama man mota. A 2013 suka buga siffar enzayim ɗin ƙwaron. A cikin abokan aikin akwai wani Ba'amurke, Gregg Beckham, na ɗakin binciken makamashi na gwamnatin Amurka da ke jihar Colorado.

Da labarin Japan ya fito a 2016, sai mutanen nan biyu suka ga cewa ilmin da suka tara a kan katako zai yi aiki a kan roba. Katako sarƙa ne, PET ma sarƙa ce. Suka ba wani ɗalibi mai neman digirin dakta, Harry Austin, aikin ya tara PETase tsantsa har ya daskare kamar ƙwayar gishiri. Suka kai ƙwayar wani babban inji kusa da Oxford mai suna Diamond, wanda aka gina kamar zobe, kewayensa ya fi rabin kilomita. Injin yana fitar da irin hasken da a ke ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, amma mai ƙarfin gaske. Da shi suka ga siffar PETase sarai, har da ɗan kwarin da sarƙar roba ke kwanciya a ciki kafin a yanka ta.

Suka lura PETase ya yi kama da masu yanka kakin ganye, sai dai kwarinsa ya fi nasu faɗi. Domin su gwada ko faɗin nan ne asirinsa, suka canja wurare biyu a jikinsa, suka matse kwarin. Tsammaninsu shi ne aikinsa zai ragu. Sai ga shi ya ƙaru da wajen kashi 20 bisa 100. Suka buga wannan a watan Afrilu na 2018, suka kuma faɗi a fili cewa ba abin da suka nufa ke nan ba. Ƙarin kansa kaɗan ne. Amfaninsa shi ne ya nuna cewa hannun mutum zai iya gyara enzayim ɗin, kamar yadda manomi ke zaɓen iri.

A 2019 Jami'ar Portsmouth ta buɗe cibiya ta musamman domin wannan bincike, McGeehan ya zama shugabanta na farko. A 2020 suka gwada sa PETase da MHETase a tukunya ɗaya, saurin ya ninka biyu. Suka ɗaure su wuri ɗaya kamar shanun huɗa biyu a karkiya ɗaya, saurin ya sake ninka uku. Daga baya McGeehan ya ƙaura zuwa Colorado domin ya ci gaba da aikin tare da Beckham.

A 2022 kuma masana na Jami'ar Texas a garin Austin suka sa kwamfuta ta duba wuraren da ya kamata a canja, suka fito da wani mai suna FAST-PETase. Suka gwada shi a kan kwanonin roba iri 51 da aka riga aka yi amfani da su, ya narkar da su cikin mako 1.

DAGA TAKIN GANYE ZUWA MASANA'ANTA

Abin da ya yi a kwalbar gwaji dabam ne da abin da zai yi a masana'anta. Waɗanda suka fi nisa a wannan fanni Faransawa ne. Wani kamfani mai suna Carbios, wanda aka kafa a 2011, ya haɗa kai da masana na birnin Toulouse a ƙarƙashin Farfesa Alain Marty. Suka gwada enzayim iri iri, wanda ya fi duka shi ne LCC ɗin nan na takin ganyen Osaka.

Suka gane cewa sarƙoƙin PET ba su saki jiki sai zafi ya kai wajen digiri 70, enzayim kuwa zafi ya kan lalata shi kamar yadda ya ke dafa ƙwai. Sai suka canja wurare huɗu a jikin LCC domin ya jure zafi ya kuma ƙara sauri. A watan Afrilu na 2020 suka ba da labari cewa a digiri 72 ya narkar da kashi 90 bisa 100 na niƙaƙƙen PET cikin awa 10. Suka tace tsakiyar da ta fito, suka yi sabuwar gora da ita, ingancinta ɗaya da wadda aka yi daga man fetur.

A nan ne wannan hanya ta fi tsohuwar. A tsohuwar hanya narkar da gora a ke yi da wuta a sake zubawa, kowane zagaye kuma ingancin yana raguwa, launi da datti suna bin ta. Enzayim kuwa ya kan tsinka jigidar ne gaba ɗaya, a wanke tsakiyar, a sake shiryawa. Ko gora mai launi, ko tsohuwar rigar poliyesta, duk za su shiga. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama fiye da rabin PET na duniya a tufafi ya ke.

A watan Satumba na 2021 kamfanin ya buɗe masana'antar gwaji a garin Clermont-Ferrand, da tukunya mai ɗaukar tan 2 a zubi ɗaya, watau gora wajen 100,000. A watan Afrilu na 2024 aka aza harsashin babbar masana'anta a Longlaville, wadda aka shirya za ta ci tan 50,000 a shekara. Amma a watan Disamba na shekarar nan kamfanin ya sanar cewa ya jinkirta ginin saboda kuɗin da ya ke jira bai iso ba.

Manomi ya san wannan ciwo. Amfani ya yi kyau, amma kasuwa ta faɗi. Kafin enzayim ya ci gora sai an tara ta, an wanke, an narkar an sanyaya da sauri domin taurinta ya karye, an niƙa, an riƙe tukunya da zafi awa da awa. Kowane mataki kuɗi ne. Sabuwar roba daga man fetur kuwa tana da araha, da ita a ke gasa.

TO, LEDA FA?

Ga maganar da ta fi shafarmu. Duk abin da muka faɗa a bisa a kan PET ne. Baƙar leda, da ledar ruwa, da ledar renon itatuwa, da jarka, da buhun taki, ba PET ba ne. Sarƙarsu ba ta da gaɓar nan, kamar igiya ta ke wadda ba ƙulli a jikinta, mabuɗin bai sami inda zai shiga ba.

Akwai masu nema. Wata masaniya 'yar Italiya mai aiki a Sifen, Federica Bertocchini, tana kiwon zuma a gida. Ta tsince tsutsotsin nan masu cin saƙar zuma daga amyarta ta zuba su a leda, sai ta tarar sun huda ledar sun fita. Ita da masana biyu na Jami'ar Cambridge suka gwada, suka buga a 2017 cewa tsutsa 100 ta rage nauyin leda da miligiram 92 cikin awa 12. Wannan bai kai kashi ɗaya bisa goma na giram ba. A 2022 ta ba da labarin enzayim biyu da ta samu a yawun tsutsar. Amma a 2024 waɗansu masana na ƙasar Norway suka sake gwada ɗaya daga cikinsu, ba su ga ya ci leda ba. Haka aikin kimiyya ya ke, maganar mutum ba ta zama tabbatacciya sai waɗansu sun gwada sun ga abin da ya gani.

A 2021 masana na ƙasar Ostiriya suka nuna cewa ruwan tumbin saniya yana iya taɓa PET a kwalbar gwaji. Kada wani ya ji wannan ya ce ashe leda ba ta cutar dabba. Mahauta shaidu ne. Leda ta kan dunƙule a tumbin akuya ko saniya, dabbar ta rage cin abinci, ta rame ciki kuwa a kumbure, har ta mutu ko a sayar da ita a wulaƙance.

Saboda haka, 'yan'uwa, in wani ya zo ƙauye da gari ko ruwa a kwalba ya ce a yayyafa a gona leda za ta narke, kada ku ba shi ko kwabo. Wanda kuma ya binne gora a ramin taki da nufin ta ruɓe, zai tono ta yadda ya binne ta.

ABIN DA KE HANNUNMU

Littafin Farawa ya koya mana cewa ƙasa amana ce a hannun ɗan adam, mai amana kuwa ba ya zaman jiran gawon shanu. Ga abubuwan da kowace ƙungiya za ta iya somawa a bana.

Na ɗaya, mu san robarmu. A gindin yawancin kayan roba akwai lamba a cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 1 ita ce PET. Lamba 2 jarka da makamantanta, 3 bututun ruwa, 4 leda, 5 buhun taki da bokiti da kujera, 6 farin kwanon abinci mai kamar kumfa. Masu sayen tsohuwar roba sun fi son wadda aka ware iri iri, mai tsabta. Ko ta tsohuwar hanya ko ta enzayim, ba masana'antar da za ta yi aiki sai an tara mata an ware.

Na biyu, a tsince takin juji kafin a watsa. Leda ta fi sauƙin tsincewa a tuli da a kunya. In ta daɗe a rana ta kan farfashe ƙanana ƙanana, daga nan ba mai iya raba ta da ƙasa.

Na uku, ranar dashen itatuwa a yanke ledar reno a cire, a tara ta a buhu a komo da ita gida.

Na huɗu, a kiyaye dabbobi daga juji da bakin kasuwa, musamman da rani sa'ad da abinci ya yi wuya. Kada a zubar da ɓawon rogo ko sauran abinci a ƙulle cikin leda, gama ƙanshin ne ke sa akuya ta haɗiye duka.

Na biyar, kada a hura wutar girki da leda, kada kuma a ƙone roba kusa da gida. Hayaƙinta dafi ne ga huhu, na lamba 3 ya fi duka muni.

Na shida, gorar maganin feshi dabam ta ke. A ɗauraye ta sau 3, a juye ruwan ɗaurayar a cikin injin feshi, a huda gindinta domin kada wani ya zuba mai ko ruwan sha a ciki. Kada a haɗa ta da gorunan sayarwa.

Na bakwai, ranar kasuwa a tafi da kwando ko jaka. Ƙasar Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi a 2017, mutanensu kuwa ba su fasa cin kasuwa ba. Ƙungiyar mata ta ikilisiya za ta iya somawa da ranar bikin godiya ta kaka.

YARANMU DA WANNAN AIKI

Mu dubi mutanen nan kuma. Oda ya yi shekara 15 tsakanin gani da bugawa. McGeehan ya koyi sana'arsa a kan ƙwayar cuta da ƙwaron katako, bai san ranar da za ta yi amfani a kan gora ba. Wanda ya yi aikin hannu a 2018 ɗalibi ne. Ba kuwa wanda ya gama shi kaɗai: Japan ta samo, Ingila da Amurka suka ɗauki hoto suka gyara, Faransa ta kai masana'anta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu 'yan ƙungiya mun san haka.

Maganin leda kuwa, wadda ita ce babbar damuwar manomi, har yanzu ana nemansa. Mafi yawan abin da aka samu a juji da tulin taki aka same shi, mu kuwa muna da juji, muna da taki, muna da zafin rana. Jami'o'in Zariya da Jos da Kano suna koyar da ilmin bakteriya da na sinadaran jiki. Yaro ko yarinya da ke son shiga sai ya riƙe darasin halittu da na sinadarai da lissafi tun daga sakandare. In akwai irin wannan yaro a ƙauyenku, mai yawan tambaya, wanda kuɗin makaranta ke neman tsai da shi, bari ƙungiya ta zauna a kan maganarsa kamar yadda ta kan zauna a kan maganar taki.

TAMBAYOYI DOMIN TARON ƘUNGIYA

1. Wace irin roba ce ta fi yawa a gonakinmu, daga ina kuma ta ke zuwa?
2. Dabba nawa muka rasa ko muka karyar a shekarar da ta wuce saboda leda?
3. Ina mai sayen tsohuwar roba mafi kusa da mu, wace lamba ya ke saye?
4. Wa zai ba da wuri, wa kuma zai lura da tarawa?

Sakataren kowace ƙungiya ya rubuta amsoshin ya aiko mana, za mu buga waɗanda za su taimaki sauran. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba masu binciken nan haƙuri da nasara. Amin.